Yaya ake saka wasa ƙwaƙwalwa da ƙananan wasanni a zaman D&D ba tare da zaman ya mutu ba?

Ɗan Farin Gada:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Tambayata ga waɗanda suka goge wajen jan wasan Dungeons & Dragons ko makamancinsa, wato wasan da ake zama a tebur kowa ya riƙe jarumi ɗaya, mai jan wasa na ba da labari, dayis na yanke abin da zai faru. Teburinmu a nan Jos mutum biyar ne da mai jan wasa, ranar Asabar daga bayan Azahar zuwa Magariba, kuma bugu na biyar na littafin ƙa'idojin wasan muke bi, wato na 2014. Labarin ya kawo jarumai bakin wani tsohon ramin haƙar kuza da aka yi watsi da shi, ana kuma so abin da ke cikin ramin ya wuce sara da suka kaɗai. A samu ƙofa mai kulle da sai an yi tunani, a samu saƙo a ɓoye, wataƙila da mai gadin da takobi ba ya kawar da shi.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne abin da kowa ya sani yana faruwa. Da an ajiye wasa ƙwaƙwalwa a tebur, mutum biyu su duƙufa a kai, sauran uku su zaro waya. Ko kuma kowa ya cije, rabin awa ta wuce, a ƙarshe mai jan wasa ya faɗi amsa da bakinsa, armashin ya tafi. To wane iri ne yake aiki, kuma minti nawa ya kamata ya ci? In sun kasa gaba ɗaya me ake yi? Sannan ga jarumi mai makin basira 18 amma wanda ke riƙe da shi ba ma'abocin lissafi ba ne: dayis za a bari ya warware masa, ko dole sai da kansa? Don Allah a ba ni abin da za a iya haɗawa da kayan da ake samu a kasuwar Terminus, ba wanda ya dogara da waya ko wutar lantarki ba.

Malam Sabo Dogon Dutse:

Wa alaikumus salam. Ƙanena, kafin ka zaɓi irin wasan, fara duba inda za ka kafa shi. In ka sa ƙofa guda tak tsakanin jarumai da sauran labarin, mabuɗinta kuma amsa ɗaya ce da ke cikin kanka kai kaɗai, to ka ɗaure kanka da kanka. Ranar da suka kasa, ko dai zaman ya tsaya cak, ko ka buɗe musu a banza, kuma duka biyun ba daɗi.

Saboda haka kowace ƙofa ka rubuta mata hanya uku tun a gida. Ta farko amsar wasan: ƙofa ta buɗe shiru, ba asara. Ta biyu ƙarfi: su fasa ta da gatari, amma ƙarar ta tashi abin da ke kwance a ƙasan ramin, su tarar da shi a shirye. Ta uku kewaye: akwai wata hanya ta cikin ruwan da ya taru a tsohon ramin, za ta ci musu awa biyu na lokacin labari, kuma a bugu na biyar kowace fitilar itace awa ɗaya take ci, don haka biyu sun tafi. Da zarar 'yan wasa sun san akwai mafita, za ka ga sun fi natsuwa wajen tunani, domin ba a shaƙe su ba. Mafi kyau ma, wasan da ya fi wuya ka ajiye shi a gaban ƙari, kamar ɗakin ajiyar dukiya ko gajeriyar hanya, ba a gaban hanyar da dole sai an bi ta ba.

Batun abin da za a yi in sun kasa, ai mu da muka tashi da kacici-kacici mun gaji maganinsa. In aka ce "shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya" ka kasa gano tsintsiya ce, ba a watse daga dandali. Mai tambaya zai ce a ba shi gari, ka ba shi Kano ko Zariya, ya faɗi amsa, a wuce gaba. Ka biya wani abu, wasa bai tsaya ba. Haka za ka yi a tebur, sai dai garin ya zama abin da zai yi wa jarumai ciwo. Rubuta farashi hawa uku kafin zama. Haske na farko: minti goma na lokacin labari, ka jefa dayis ka ga ko wani abu ya biyo sawunsu. Haske na biyu: wanda ya taɓa kullen ya sha rauni d6 (abin da dayis mai fuska shida ya bayar), ko mai sihiri ya ƙona gurbin sihiri ɗaya, wato dama ɗaya ta yin sihiri. Amsa gaba ɗaya: mai gadin ya karɓi wani abu mai daraja a hannunsu, ko ya ɗaure su da alkawarin da zai dawo musu bayan zama biyu ko uku. Wannan na ƙarshe shi na fi so, don kasawarsu ta haifa maka sabon labari.

Sai alamomi. Justin Alexander ya rubuta wata ƙa'ida a 2008 da masu jan wasa suka riƙe: duk abin da kake so 'yan wasa su gane, ka tanadi alama uku da ke kaiwa gare shi. Dalili kuwa, ta farko ba za su gan ta ba, ta biyu za su gani su yi mata wata fassara. Ka raba ukun a wurare daban-daban kuma ta hanyoyi daban-daban: ɗaya zane a bangon rami, ɗaya a littafin lissafin tsohon shugaban leburori, ɗaya a bakin tsohuwar da ke sayar da abinci a ƙauyen da ke bakin ramin. Kada ka tara su duka a ɗakin da ƙofar take, in ba haka ba ɗakin ya koma ajin jarrabawa.

Lokaci kuwa, a zaman awa huɗu kada wasa ƙwaƙwalwa ɗaya ya wuce minti 15 zuwa 20, kuma biyu sun isa zama guda. Ajiye agogo a gefenka inda su ba sa gani. Minti biyar ba motsi, ka sa duniyar labarin ta yi magana: ruwa ya ɗiga a kan wata alama, ko jemage ya fito ta wani rami da ba su lura da shi ba. Minti goma, ka tallata musu haske na farko da farashinsa. Minti goma sha biyar, abu ya faru ko sun shirya ko ba su shirya ba. Tunda kuna tashi sallar La'asar a tsakiya, ka jera labarin yadda za su ga kullen minti biyar kafin a tashi. Mutane kan dawo da amsa a baki, domin kai ya yi aikinsa a hanya.

Maman Haidar, Rikkos:

Malam Sabo ya gama magana kan tsari, bari in kawo abin da za a ɗora a tebur. Sharaɗina ɗaya ne: abin ya kasance ana taɓa shi da hannu, a tsakiyar tebur, kowa na gani. Tambayar da aka karanta da baki sau ɗaya, mutum biyar za su riƙe ta iri biyar.

Kullen alamomi shi ne ya fi dacewa da ƙofar ramin kuza. Asalinsa wasan Mastermind ne, amma kada ka ɗauko shi yadda yake: gurbi 4 da launi 6 suna ba da haɗi 1,296, ya yi yawa ga mutanen da ke tsakiyar labari. Rage shi zuwa gurbi 3 da alama 5, ba a maimaita alama, haɗi 60 ke nan. Yanka kwali gida biyar ka zana diga, fitila, guga, igiya da kwando. Ka rubuta haɗin sirrin a takarda ka kife kofi a kai. Duk gwajin da suka jera, ka ba su amsa da ƙwaya: wake ɗaya ga kowace alamar da ta zauna a gurbinta daidai, masara ɗaya ga wadda tana cikin haɗin amma ba a gurbinta ba. Gwaji shida ka ba su, kuma kowane gwaji mutum daban ne zai jera, ta haka ba mai zama ɗan kallo. Kowane kuskure ruwa ya ƙaru a ɗakin, daga idon sawu zuwa gwiwa zuwa ƙugu. Inda ake samun matsala wuri biyu ne. Mai jan wasa ya yi kuskuren ƙirga ƙwaya sau ɗaya, duk lissafinsu ya rushe, don haka ɗaga kofin ka duba kowane karo, kada ka dogara da ƙwaƙwalwa. Na biyu, kada ka jera ƙwayoyin daidai saitin gurabe, ka tara su gefe guda, in ba haka ba ka faɗa musu wane gurbi ne daidai.

Na biyu hatimin lissafi mai gida tara, inda lambobi 1 zuwa 9 ke jeruwa kowane layi ya ba da 15, a tsaye, a kwance da a karkace. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasarmu: malamin nan Muhammad al-Katsinawi ya rubuta littafi kan yadda ake gina irinsa a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Murafen lemo tara ka samo, ka rubuta lambobin da maka a cikinsu. Amsar ita ce 2, 7, 6 a sama, 9, 5, 1 a tsakiya, 4, 3, 8 a ƙasa. Sai dai ka sani in aka juya shi ko aka kifa shi yana ba da siffa takwas, duka daidai. In kana so amsa ta zama ɗaya, ka manne 5 a tsakiya, 2 a kusurwar hagu ta sama, 7 kusa da ita. In ba ka manne ba, to ka karɓi duk wadda ta cika sharaɗi. Abin da zai jawo kowa ciki shi ne ka warwatsa murafen a cikin ramin, kowane jarumi ya tsinci ɗaya ko biyu a ɗakunan baya, kuma murfin yana hannun mai shi har sai ya ajiye da kansa.

Saƙon ɓoye kuma, hanyar gusa haruffa ta isa, kowane harafi a musanya shi da na uku a gabansa. Amma ka buga jerin haruffan da ka yi amfani da su a kan siririyar takarda ka ba su, domin wani zai ƙirga da jerin Turanci mai 26, wani zai sa ɓ, ɗ da ƙ a ciki, amsarsu ta sha bamban alhali kowa ya bi ƙa'ida. Ka yanke tun farko ko "sh" da "ts" harafi ɗaya ne ko biyu. Saƙon kada ya wuce kalma shida ko bakwai. Da sun gano dabarar daɗin ya ƙare, sauran aikin kwafi ne kawai, ba wanda zai ji daɗin fassara layi biyar. Ka bar tazara tsakanin kalmomi. Tunda yawancin kalmominmu da wasali suke ƙarewa kuma "a" ta fi yawa, mai lura zai kama bakin zaren da kansa.

Rubutun da ba a gani: mutane na son ruwan lemon tsami, wanda ke komawa ruwan ƙasa in ya ji zafi. Yana aiki, amma kada a kawo kyandir kusa da busasshiyar takarda a tebur cike da littattafai, balle da hunturu. Rubuta da gindin farin kyandir a kan farar takarda, su shafa garin gawayi ko ruwan shayi mai kauri, rubutun zai fito. Kwaɗo mai lamba uku a kan ƙaramin akwati shi ma yana burge mutane, sai dai haɗinsa 1,000 ne kacal, kuma akwai mai haƙurin da zai zauna yana murzawa ɗaya bayan ɗaya. Ka ce kowane gwaji sai an faɗe shi da baki, kuma yana da farashi.

Abu biyu da zan ce ka guje musu. Hasumiyar Hanoi, wadda ake kwashe faifai daga sanda zuwa sanda: faifai 3 motsi 7 ne, 4 motsi 15, 5 motsi 31, mutum ɗaya ne ke yi, saura na hamma. Sai tsofaffin da kowa ya sani, irin na tsallakar da kura da akuya da dami a kwalekwale, ko auna lita 4 da jarka mai 5 da mai 3. Wanda ya sani zai faɗa cikin daƙiƙa goma, wanda bai sani ba bai samu damar tunani ba. Kuma duk abin da ka haɗa, gwada shi a kan wani a gida wanda ba ya teburin. In ya ci masa minti biyar, ka ɗauka zai ci wa tebur goma sha biyar, saboda gardama.

Injiniya Bukuru:

Ina tare da Hajiya Maman Haidar a kan kayan aiki. Ni tambayarka ta uku zan ɗauka, don a nan ake yawan zaluntar 'yan wasa. Wanda ya gina jarumi mai ƙarfi ba a ce masa ya ɗaga buhun siminti kafin a yarda ya fasa ƙofa. To wanda ya zuba makinsa a basira shi ma yana da haƙƙin makin ya yi masa aiki. Amma in aka ce jefa d20, wato dayis mai fuska ashirin, ka samu 15 ka warware, to babu wasa ƙwaƙwalwa ke nan, ba sai an wahala da yanka kwali ba.

Tsakiyar ita ce dayis ya sayi haske, hannu ya ƙarasa. Haske na asali, wanda in babu shi ba za a fara ba, kada ka sa shi bayan dayis ko kaɗan. Tsarin wasannin bincike na GUMSHOE na Robin D. Laws a kan wannan aka gina shi: in jarumi yana da ƙwarewar kuma ya duba wurin, ya samu alamar, ba jifa. Dalilin a lissafi yake. Mai ƙarin +3 a gaban DC 15 (DC ita ce lambar da jifa da ƙari sai sun kai kafin a ci) sai ya jefa 12 ko sama, damarsa 45 cikin 100. Ko da an ba shi damar jefa biyu ya ɗauki babba, kusan 70 cikin 100 ne. Ma'ana sau uku cikin goma labarinka ya maƙale a kan abin da ba laifin kowa ba. Ƙarin haske shi ake jefa wa dayis. Kuma in ya ci, kada ka faɗa a fili. Rubuta a 'yar takarda ka miƙa wa mai jarumin shi kaɗai, misali "fitila ba ta cikin haɗin", shi ya sanar da sauran da bakin jaruminsa. A idon tebur shi ne ya gano, kuma abin da ya gina jarumin dominsa ke nan.

Ka ba sauran ƙwarewa aiki su ma. Ɓarawon tawaga ya sa kunne a jikin kulle, in ya ci DC 13 a ƙara musu gwaji ɗaya. Mai ƙarfi ya tokare ƙofar ruwa da kafaɗa, kowane zagaye da ya ci ruwan bai ƙaru ba. Mai ilimin tarihi ya tuna yadda leburorin da ke jera kayan aikinsu. Wanda ba ya son lissafi ya samu abin yi da jikinsa.

Inda na ɗan saɓa da Malam Sabo shi ne ɓoye agogo. Na lokacin gaske, e, a ɓoye. Amma matsin da ke cikin labari a fito da shi fili. Wasan Blades in the Dark na John Harper, na 2017, yana amfani da da'ira da ake rabawa gida 4, 6 ko 8, ana cike gida ɗaya duk lokacin da abu ya ɓaci. Zana da'ira mai gida 6 a takarda, rubuta "rufin rami ya rufta" a ƙasanta, ka ajiye a tsakiya. In gida huɗu suka cika za ka ga an daina hira.

Ga tsere ko gudu daga ruftawar rami, bugu na huɗu na 2008 ya kawo tsarin tara nasara kafin faɗuwa ta cika. Yana da kyau, amma a kula da lissafinsa. Mai +5 a gaban DC 15 damarsa 55 cikin 100 a kowane jifa. In ka ce nasara 4 kafin faɗuwa 3, damar tawaga kusan 44 cikin 100 ce. In ka ce nasara 6 kafin faɗuwa 3, ta faɗo kusan 22. Da yawa suna tsawaita shi don ya yi armashi, ba su san sun yanke wa tawaga hukunci ba. Sauke DC zuwa 13, damar kowane jifa ta koma 65, nasara 4 kafin faɗuwa 3 ta koma kusan 65 cikin 100. Nan ne wurin da ya dace. Kuma kada a yarda mutum ɗaya ya maimaita ƙwarewa ɗaya sau biyu a jere.

Ɗan Farin Gada:

Allah ya saka da alheri, Malam, Hajiya da Injiniya. Kullen wake da masara zai shiga ƙofar farko. Saura mai gadin. Ana tunanin ya zama tsoho da ke zaune a bakin rijiyar ramin, ba ya barin kowa ya wuce sai an buga dara da shi. Zai yiwu a buga dara ta gaske a tebur? Sannan littattafan waje cike suke da wasannin dayis da karta na gidan saukar baƙi, a teburinmu kuwa akwai waɗanda ba za su so abin da ya yi kama da caca ba ko da kuɗin labari ne.

Baba Gangare:

Ɗana, dara za ta yiwu, amma ba cikakkiya ba. Gurbi 30 ne, biyar sau shida, kowa da 'ya'ya 12. Zubin farko kaɗai, inda ake ajiye ɗaya bayan ɗaya ba a yarda a jera uku ba, zai ci maka lokaci kafin a fara turi, kuma mutum biyu ne ke yi, huɗu na kallo. Ga yadda za ka rage ta. Zana gurabe a bayan kwali. Yi zubin a gida kai kaɗai, ka zana yadda ya zauna a takarda, ranar wasa ka jera shi cikin minti ɗaya, tsakuwa ga tsoho, guntayen kara ga jarumai. A labari ka ce tsohon ya daɗe da fara wannan wasa da wani wanda bai dawo ba, su za su ƙarasa masa. A fara daga turi: gurbi ɗaya gaba, baya ko gefe, ba a karkace, wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin karawa, jera huɗu ba ci ba ne. Wanda ya fara cin biyu ya yi nasara. Ka jera zubin yadda jarumai ke da ci ɗaya a kusa, cikin motsi biyu ko uku, in sun lura.

'Yan wasa su riƙa karɓa-karɓa, kowa motsi ɗaya, shawara kuma daƙiƙa talatin. Wanda ba layinsa ba yana iya yin abu ɗaya a duk wasan: ya ja tsohon da hira, in dayis ya ba shi sai tsohon ya yi motsin banza, ko ya karanci fuskarsa, sai ka nuna ɗan da tsohon ke shirin turawa, ko ya gwada sauya tsakuwa a ɓoye, in aka kama shi an ci su ɗaya nan take. Babbar matsalar ita ce kai mai jan wasa. In ka fi su iya dara za ka cinye su ba da niyya ba, in kuma ka sassauta a fili za su gane, nasarar ta zama ba ta da ɗanɗano. Maganinsa ka ba tsohon hali tsayayye ka bi shi: kullum in ya ga ci sai ya ci, ko da zai buɗe gidansa. Mai lura zai gane halin ya ɗana masa tarko. In kuma tsohon ya ci, ya bar su su wuce amma ya riƙe inuwar ɗayansu ko sunansa jingina.

Batun caca, ka girmama masu ƙin, kada ka tsaya jayayya cewa kuɗin ƙarya ne. Ciniki ya fi ta daɗi a wurinmu ma. Ɗan kasuwa ya sa kaya zinariya 100, kai ka rubuta ƙasan farashinsa a ɓoye, a ce 70. Ajiye tsakuwa uku a gabansa, haƙurinsa ke nan. Duk tayin da bai kai 70 ba ya ce albarka, ka ɗauke tsakuwa ɗaya. Tayin da bai kai rabin kuɗin ba, biyu za ka ɗauke. Kafin kowane tayi wani jarumi na iya yin magana, ya kushe kayan, ya yabi mai kayan, ko ya yi kamar zai tafi. In dayis ya ba shi, ƙasan farashin ya sauka da 10. Tsakuwa ta ƙare, ɗan kasuwa ya naɗe kayansa, sai gobe kuma a 120. Tayi ya kai, ya ce ya sallama. Minti biyar zuwa bakwai ya ƙare, kuma kowa a tebur ya iya shi tun daga gida. Amma a manyan kaya kawai, ba kowace igiya da fitila ba.

In kana son gasa ta jiki, dambe turmi uku ne. Kowane turmi kowa ya rubuta ɗaya a ɓoye: naushi, kariya ko shuri. Kariya ta fi naushi, shuri ya fi kariya, naushi ya fi shuri. Wanda zaɓinsa ya fi ya jefa d20 biyu ya ɗauki babba, ɗayan ya jefa ɗaya, kowa ya ƙara makin ƙarfinsa. Wanda ya ci turmi biyu ya yi kisa.

Maman Haidar, Rikkos:

Ƙari kaɗan a kan na Baba. Za a ba ka shawarar raba karin magana gida biyu a kan kati, "komai nisan jifa" a ɗaki ɗaya, "ƙasa zai faɗo" a wani, a haɗa a buɗe ƙofa. Yana da daɗi ƙwarai, amma ka dubi teburinka tukuna. A Jos tebur ɗaya kan haɗa Bahaushe da Birom da Angas da Bayarabe, kowa na jin Hausa amma ba kowa ya tashi da karin magana a gida ba. In haka ne, ka sa cikakkun karin maganar su fito a bakin mutanen labarin tun farkon zama, yadda mai saurare zai kama ko da ranar ya fara jin su.

Ga ruftawar rami kuma akwai Jenga, katako 54 hawa 18, wanda wasan tsoro na Dread ke amfani da shi a madadin dayis. Duk wanda zai yi abu mai haɗari a cikin ramin ya zare ɗaya, in hasumiyar ta zube rufin ya rufta. Kada ka ɗora ta a teburin roba da ake jefa dayis a kai, gwiwar mutum ɗaya ta isa ta kayar da ita. Sa ta a kan ƙaramar kujerar katako a gefe, a ƙasa mai daidai, nesa da fanka. Sabuwar hasumiya tana da sauƙi da yawa, don haka ka zare shida ko takwas ka ɗora a sama kafin a fara. Wanda hannunsa ke rawa kuma a bar shi ya jefa d20 a gaban DC 10 a madadin zara, ko ya wakilta wani.